Masu Karanta Jinkirin Walƙiyar Rediyo

A ranar 24 ga Yuli, 2001, wani kwandon rediyo mai faɗin mita 64 da ke Parkes, a ƙasar Ostareliya, ya kama wata ƙara daga sama wadda tsawonta bai kai kashi 5 cikin 1,000 na sakan guda ba. Babu wanda ya lura. Na'ura ta rubuta ta cikin tulin bayanai, aka adana, kowa ya ci gaba da sha'aninsa. Sai a 2007, lokacin da Duncan Lorimer na Jami'ar West Virginia a Amurka ya sa ɗalibinsa David Narkevic tonon tsofaffin bayanai, aka ci karo da ita. Ƙarfinta ya ba su mamaki, amma abin da ya hana su barci shi ne yadda ta iso. Ba ta zo gaba ɗaya ba. Igiyoyi masu gajeren zango ne suka fara isowa, masu dogon zango suka biyo baya a jere, har ƙarar ta zana wata lanƙwasa mai tsari a kan takarda.

Wannan lanƙwasa ita ce tushen wata sana'a da a yau ɗaruruwan masana ke ci da ita, kuma ita ce nake son mu duba da kyau, domin ta cancanci yabo. Irin wannan ƙara masana na kiranta FRB a taƙaice. Mu ce mata walƙiyar rediyo. Ana ƙiyasta cewa dubbai ne ke faruwa kullum a faɗin sama, kowacce ta saki a ƙiftawar ido makamashin da Rana ke ɗaukar kwanaki kafin ta fitar.

Ga yadda karatun yake. Idan fili babu komai a cikinsa, duk igiyoyin rediyo gudunsu ɗaya ne, wato gudun haske. Amma sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai iska siririya ƙwarai wadda zafi ya tarwatsa ƙwayoyinta, ilektiron suka rabu da uwayensu suna yawo. Waɗannan ilektiron suna rage wa igiyar rediyo gudu kaɗan, kuma sun fi kama mai dogon zango. Ƙa'idar ba ta da wasa: idan zango ya ninka sau biyu, jinkiri ya ninka sau huɗu. Don haka wanda ya auna tazarar da ke tsakanin isowar na farko da na ƙarshe, ya ƙidaya jimillar ilektiron ɗin da walƙiyar ta ratsa tun daga inda ta taso. Kamar mai masauki ne da zai dubi ƙurar da ke jikin rigar baƙo lokacin hunturu, ya ce masa, "Malam, daga nesa kake," tun baƙon bai buɗe baki ba.

Masana na taƙaita wannan jinkiri a lamba ɗaya. Ta walƙiyar Lorimer 375 ce. Gungun taurarin da muke ciki, ta wannan kusurwa ta sama, ɗan ƙaramin kaso kawai zai iya bayarwa daga ciki. Saura fa? Dole daga waje ya zo, daga can bayan gungunmu, inda haske ke shafe ɗaruruwan miliyoyin shekaru yana tafiya.

Da yawa daga cikin masana ba su yarda ba, kuma ba su yi laifi ba. Ƙara ɗaya ce tak, daga kwando ɗaya. Abin ya ƙara dagulewa da aka gano cewa kwandon Parkes ɗin yana kama wasu ƙararraki masu kama da ita tun 1998, su ma da lanƙwasarsu, sai dai su suna shiga dukkan kunnuwa 13 na na'urar a lokaci guda. Abin da ya fito daga wuri ɗaya a sama ba ya yin haka. Wanda ke shiga ko'ina na kusa ne. An yi shekaru ana zargin tsawa da sauran lamurran yanayi. A 2015 Emily Petroff, tana ɗalibar digirin digirgir a lokacin, ita da abokan aikinta suka bi sawun abin. Sun lura ƙararrakin sun fi yawa wajen tsakar rana. Wata na'urar sa ido da aka kafa a wurin ta nuna suna zuwa tare da wata igiya irin wadda na'urar ɗumama abinci ke fitarwa. Suka gwada, sai ga shi: idan mai jin yunwa ya buɗe ƙofar na'urar kafin ta tsaya, kwandon kuma yana fuskantar wata kusurwa, ƙarar ta fito.

Mutane sun yi dariya, jaridu sun samu abin rubutawa. Ni kuwa a ganina wannan na cikin ayyuka mafi daraja a tarihin fagen. Da aka san ainihin na bogi, sai na gaske suka tsaya da ƙafarsu: ba sa bin lokacin cin abinci, ba sa shiga duk kunnuwa, lanƙwasarsu kuma tana bin ƙa'idar nan sau da ƙafa. Kafin nan ma, a 2013, Dan Thornton da tawagarsa sun ba da rahoton wasu huɗu daga Parkes, sannan a 2014 Laura Spitler ta sanar da wata da katafaren kwandon Arecibo mai mita 305 ya kama a Puerto Rico. Kwando daban, nahiya daban, ɗakin girki daban.

Ta Arecibo ɗin, wadda aka raɗa wa FRB 121102 saboda ranar da aka kama ta, 2 ga Nuwamba, 2012, ita ce ta buɗe ƙofa ta gaba. A 2016 aka sanar cewa tana maimaituwa. Abin da ke maimaituwa kuwa ana iya yi masa kwanton ɓauna. Shami Chatterjee da abokansa suka juya kwanduna 27 na cibiyar VLA da ke New Mexico suka yi ta jira har ta sake walƙawa, a farkon 2017 suka nuna gidanta: wani ɗan ƙaramin gungun taurari mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara biliyan 3.

Me ya sa sanin gida yake da muhimmanci haka? Domin jinkiri rabin labari ne. Ɗaya rabin yana cikin hasken gungun da walƙiyar ta fito. Samaniya tana buɗewa, gungu-gungu suna nesanta da juna, haske kuma yana miƙewa a hanya, launinsa ya karkata zuwa ja. Idan aka raba hasken gungu zuwa launukansa, aka ga yadda layukan haidirojin da iskar oksijin suka gusa daga mazauninsu, an san sau nawa samaniya ta buɗe tun da hasken ya taso. Lamba biyu ke nan a hannu daga tafiya ɗaya: yawan abin da aka ratsa, da yawan buɗewar da aka yi ana cikin ratsawar. Duk ilimin da ake fatan samu daga walƙiyar rediyo game da tsarin samaniya yana cikin dangantakar waɗannan biyun.

Matsalar ita ce mafi yawan walƙiyoyin sau ɗaya ake ganinsu, ba su sake dawowa. Yadda aka shawo kan wannan a Ostareliya abin a tsaya a kalla ne. Cibiyar ASKAP, a dajin Murchison da ke yammacin ƙasar, tana da kwanduna 36, kowanne mita 12. Bayanan da ke kwarara daga cikinsu sun fi ƙarfin a adana, don haka kowane kwando yana riƙe na kimanin sakan 3 na ƙarshe ne kawai, sabo yana shigowa yana goge tsoho. A cikin wannan ɗan taƙi dole kwamfuta ta gwada ɗimbin lambobin jinkiri ɗaya bayan ɗaya, ta miƙar da lanƙwasa ta kowace hanya ta ga ko wani abu zai taru ya yi tsini, ta bambance shi da hayaniyar jiragen sama da taurarin ɗan'adam, sannan ta ba da umarnin a daskarar da abin da ke hannu kafin ya goge. Idan ta yi nasara, sai masana su dawo a natse su kwatanta lokacin da ƙarar ta taɓa kowane kwando. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, ana lissafinsa da kashi cikin biliyan na sakan, amma shi ke nuna daidai wurin da ta fito. Da wannan dabara Keith Bannister da tawagarsa suka sanar a 2019 cewa sun gano gidan wata walƙiya da ta zo sau ɗaya, FRB 180924, a gefen wani babban gungu mai nisan kusan shekarar haske biliyan 4. Daga nan aiki ya koma hannun manyan madubai na hangen nesa a Chile da Hawaii, waɗanda ke karanta launin gungun.

Yanzu mun iso inda gwaninta ta fi fitowa, wato ragi. Lambar jinkirin da aka auna jimla ce, kuma mutum huɗu ne suka zuba a ciki. Akwai kason faifan gungunmu, wanda ake ƙiyastawa da taswirorin da aka haɗa daga taurarin nan masu bugun rediyo a kai a kai, irin wanda Jocelyn Bell ta fara ganowa a Cambridge a 1967. Akwai kason siririyar iskar da ta lulluɓe gungunmu ta waje. Akwai kason gungun da walƙiyar ta fito, har da unguwar da aka haife ta. Abin da ya rage bayan an cire ukun nan shi ne na sararin da ke tsakanin gungu da gungu, kuma shi ake nema. Kowane ragi yana da nasa kuskuren, gwani kuwa shi ne wanda ya san girman kuskurensa ya kuma faɗe shi a fili.

Akwai walƙiyar da ta koya wa kowa hankali a nan. FRB 190520B, wadda kwandon FAST mai mita 500 a lardin Guizhou na ƙasar Sin ya kama, lambarta ta haura 1,200. Wanda ya dogara da jinkiri kaɗai zai rantse ta fito daga rabin hanyar zuwa farkon samaniya. Da aka gano gidanta, sai aka tarar nisanta bai wuce kimanin shekarar haske biliyan 3 ba. Kaso mai yawa na jinkirin daga gidanta ne, daga baya kuma aka gano wasu tarin gungu-gungu da ke kan hanya sun ƙara nasu. Baƙon daga ƙauyen kusa yake, ta wurin masu sussuka ya biyo.

Duk da haka, ragin ya biya. Tun shekarun 1990 akwai wani lissafi da ya ƙi cika. Daga hasken da ya rage tun samaniya tana da shekara 380,000, da kuma yawan sinadarai marasa nauyi da aka ƙera a mintunan farko, an san cewa abin da muka sani da jiki, wanda aka yi taurari da duwatsu da mutane da shi, kusan kashi 5 cikin 100 ne na duk abin da ke akwai. Amma da aka ƙidaya taurari da iskar da madubai ke iya gani a samaniyar yau, sai kusan rabin wannan kashi 5 ya yi ɓatan dabo. An yi zaton yana baje a tsakanin gungu-gungu, ya yi siririn da ba ya haske, ƙasa da ƙwaya ɗaya a fili mai mita guda ta kowace fuska. Madubi ba ya ganin irin wannan. Walƙiyar rediyo kuwa ba ruwanta da haske ko zafi, kowane ilektiron da ta ratsa sai ya bar mata alama.

Jean-Pierre Macquart na Jami'ar Curtin da ke Perth ya daɗe yana cewa haka za a yi. A watan Mayun 2020 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamako a mujallar Nature: da walƙiyoyi ƙalilan da ASKAP ya gano gidajensu, waɗanda za a iya ƙirgawa da yatsu, suka nuna jinkiri yana ƙaruwa da nisa daidai yadda zai yi idan abin da ya ɓata yana nan a tsakani. Macquart ya rasu wata guda bayan haka, yana da shekara 45. Dangantakar jinkiri da nisa yanzu sunansa take ɗauke da shi. A 2023 Stuart Ryder ya gwada ta a kan wata walƙiya da ta yi tafiyar shekara biliyan 8 kafin ta iso. A 2025 kuma Liam Connor da tawagarsa, da walƙiyoyi 69, da yawansu daga cibiyar DSA-110 ta Kalifoniya, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na wancan kashi 5 ɗin yana can a sararin tsakanin gungu-gungu.

To ina abin da masana ke kira ɓoyayyen ƙarfi ya shigo?

A 1998 tawaga biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗaya ta Brian Schmidt da Adam Riess, suka auna hasken wasu taurari masu fashewa da aka san ainihin ƙarfinsu. Sun sa ran ganin buɗewar samaniya tana raguwa, tunda nauyi janyowa yake yi. Sai suka ga tana ƙara gudu. Abin da ke tura ta, wanda lissafi ya ba shi kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke akwai, shi ne ɓoyayyen ƙarfi, kuma ya kawo wa mutum ukun lambar yabo ta Nobel a 2011. Tambayar da ta fi zafi yanzu ita ce ko ƙarfin nan tsayayye ne ko yana sauyawa. Na'urar DESI da ke kan dutsen Kitt Peak a Arizona, mai 'yan sandunan mutum-mutumi 5,000 da kowanne ke saita zaren gilashi a kan gungu guda, ta fitar da sakamako a 2024 da 2025 da ke nuna alamar yana raguwa. Alamar ba ta kai matakin da masana ke kira tabbaci ba, shi ya sa ake neman shaida daga wata hanya dabam. Ga kuma tsohuwar taƙaddama kan gudun buɗewar a yau: tauraron ɗan'adam na Planck ya ba da lamba kusan 67, masu auna taurarin kusa suna samun kusan 73, kowa kuma ya tsaya kan bakansa.

Walƙiyar rediyo za ta iya zama wannan hanya ta dabam. Yawan ilektiron da za ta ratsa kafin ta kai wani matakin ja ya dogara da tsawon hanyar da kuma kaurin iskar a kowane zamani, su biyun kuma sun dogara da yadda samaniya ta yi ta buɗewa. Idan ɓoyayyen ƙarfi ya fi ƙarfi a da, layin Macquart zai lanƙwashe ta wata fuska. Idan tsayayye ne, ta wata. Kyawun abin shi ne kurakuran wannan awo ba irin na taurari masu fashewa ba ne. Ƙura ba ta dusashe shi, ba ya kuma buƙatar tsanin nisa mai hawa-hawa.

Sai dai a nan zan ja wa masu zumuɗi birki. Da aka gwada auna gudun buɗewar da walƙiyoyin da ke hannu a 2022, kuskuren ya haura kashi 10 cikin 100, ya haɗiye 67 da 73 gaba ɗaya. Dalili a fili yake. Iskar tsakanin gungu-gungu ba a shimfiɗe take daidai ba, zare-zare ce da ramuka, walƙiya biyu daga nisa ɗaya za su iya zuwa da lambobi mabambanta ƙwarai. Sai an tara dubbai masu sanannen gida kafin wannan hargitsi ya lafa, alamar ɓoyayyen ƙarfi ta fito. Duk wanda ya ce maka walƙiyar rediyo ta riga ta auna shi ya yi gaba da labari.

Gudummawar da na fi ganin za ta zo da wuri ta bayan gida ce. Madubin Euclid da Turai ta harba a 2023 da cibiyar Vera Rubin ta Chile suna farautar ɓoyayyen ƙarfi ta hanyar auna yadda nauyi ke murɗa surar biliyoyin gungu-gungu. Babban abin da ke rikita musu lissafi shi ne iskar da fashewar taurari da manyan baƙaƙen ramuka ke fesowa waje daga gungu, domin tana sauya yadda nauyi ya rarrabu. Hargitsin nan da ke damun mai auna nisa da walƙiya, shi ne ainihin bayanin da waɗannan ke buƙata: yawan bambancin jinkiri tsakanin walƙiyoyi yana nuna ko iskar ta taru kusa da gungu ko ta watsu nesa. Masanan da suka gane cewa warwatsuwar ɗigo-ɗigon da ke gefen layi ita ma awo ce, su ne suka fi burge ni a duk fagen.

Akwai wani abin ban sha'awa game da na'urar da ta fi kowace kama walƙiyoyin. CHIME, kusa da garin Penticton a Kanada, ba kwando ba ce, kwaroro huɗu ne na ragar ƙarfe, kowanne tsawon mita 100 da faɗin mita 20, babu abin da ke motsi a jikinta. Juyawar duniya ke kai mata sama. An gina ta ne domin ɓoyayyen ƙarfi, ta zana taswirar haidirojin ta auna tarihin buɗewa. Daga baya aka lura cewa na'urar da ke kallon babban yanki na sama dare da rana ita ce tarkon da masu walƙiya ke mafarki. A zangon da take saurare, megahaz 400 zuwa 800, walƙiya mai lamba 1,000 tana miƙewa ta kai kusan sakan 20, sai kwamfuta ta sake naɗe ta ta koma ƙiftawar ido. Kundinta na farko, a 2021, ya ƙunshi 536. Ita ce kuma, tare da wata ƙaramar na'ura mai suna STARE2, ta kama wata walƙiya daga cikin gungunmu a ranar 28 ga Afrilu, 2020, daga gawar wani tauraro mai tsananin maganaɗisu da ake kira SGR 1935+2154. Wannan ya nuna aƙalla ɗaya daga cikin masu yin ƙarar.

Raunin CHIME shi ne ba ta iya nuna gida daidai, don haka aka gina mata ƙananan 'yan rakiya, ɗaya a Kanada, ɗaya a Green Bank ta West Virginia, ɗaya a Hat Creek ta Kalifoniya, domin tazarar dubban kilomita ta kaifafa mata ido. A Afirka ta Kudu kwanduna 64 na MeerKAT a yankin Karoo suna nasu farautar, kuma za su shiga cikin babban aikin SKA da aka fara ginawa a can da Ostareliya a ƙarshen 2022. Nan gaba kaɗan kama walƙiya da nuna wurinta zai zama aikin yau da kullum. Cikas ɗin zai koma wajen madubai masu karanta launi, domin gungu mai nisa dusasshe ne, yana iya cin sa'o'i a kan madubi mai mita 8 ko 10, irin waɗannan madubai kuwa 'yan kaɗan ne a duniya, masu neman dare a kansu sun fi daren yawa. Shi ya sa wasu tawagogin suka fara koyon aiki ba tare da gidan kowace walƙiya ba: su ɗora taswirar jinkirin dubban walƙiyoyi a kan taswirar gungu-gungu irin ta DESI, su auna inda biyun suka yi daidai.